Daga Sanarwa Zuwa Hatimi: Yadda Aka Kafa Gidauniyar LibreOffice

A ranar Talata, 28 ga Satumba, 2010, aka fitar da sanarwar kafa wata gidauniya mai suna The Document Foundation, wadda ba don neman riba aka yi ta ba. Aikinta shi ne riƙon wata manhajar ayyukan ofis da kowa zai iya ɗauka kyauta, ya buga wasiƙa, ya yi lissafi a jadawali, ya shirya allunan gabatar da jawabi. Mutum takwas daga ƙasashe biyar ne a kwamitin riƙon da ya tsaya a gaba. Uku Jamusawa ne, André Schnabel da Florian Effenberger da Thorsten Behrens. Biyu Faransawa, Sophie Gautier da Charles-H. Schulz. Sai Italo Vignoli daga Italiya, Caolán McNamara daga Ireland, da Olivier Hallot daga Brazil. Amma a wannan rana gidauniyar a baki kawai take. Ba ta da rajista a kowace ƙasa, ba ta da ofis, ba ta da asusun banki da sunanta, balle ma'aikaci. Sai da aka kwashe kusan wata goma sha bakwai kafin hukuma ta buga mata hatimi.

Asalin manhajar a Jamus yake. A 1985 wani yaro ɗan shekara goma sha shida, Marco Börries, ya buɗe kamfanin Star Division a garin Lüneburg, daga baya ya koma da shi Hamburg. Can aka gina StarOffice, wadda ta yi ta fafutukar neman gurbi a kasuwar da Microsoft Office ta riga ta mamaye. A 1999 kamfanin Sun Microsystems na Amurka ya saye Star Division ɗungurungum. Simon Phipps, wanda ya daɗe yana kula da harkar buɗaɗɗiyar manhaja a Sun, ya taɓa bayyana dalilin: ma'aikatan Sun sun kusa 42,000 a lokacin, kuma da aka yi lissafi sai aka ga sayen kamfanin gaba ɗaya ya fi sauƙi a kan saya wa kowane ma'aikaci lasisin Microsoft.

Shekara guda bayan haka Sun ya yi abin da ya ba mutane mamaki. A watan Yulin 2000 ya ce zai saki asalin rubutun manhajar, wato miliyoyin layukan umarni da masu rubuta manhaja ke karantawa su gyara, kuma ranar 13 ga Oktoba ya cika. Aka raɗa wa aikin suna OpenOffice.org. Lasisin da aka ɗora shi a kai daga gidan Richard Stallman ya fito, mutumin da ya kafa Free Software Foundation a Boston a 1985, a kan aƙidar cewa mai amfani da manhaja yana da haƙƙin ya yi aiki da ita yadda ya so, ya duba cikinta, ya gyara, ya kuma raba wa wasu. A cikin sanarwar ta 2000 har da maganar gidauniya mai zaman kanta da za ta riƙe aikin. Alkawari kaya ne, in ji masu iya magana, kuma wannan kaya Sun ya ɗauka bai sauke ba har aka saye shi.

Ya kamata a yi wa Sun adalci a nan. Shi ya riƙa biyan albashin mafi yawan masu rubuta manhajar a Hamburg tsawon shekara goma. A hannunsa OpenOffice.org 1.0 ta fito a watan Mayun 2002. Daga tsarin ajiye takardu na wannan manhaja aka samo ODF, wanda ƙungiyar OASIS ta amince da shi a 2005, hukumar ISO ta mai da shi ma'aunin duniya a 2006, ta yadda takardar da aka rubuta yau ba za ta zama fursunar kamfani ɗaya ba gobe. 'Yan sa-kai kuma suka taru daga ko'ina, suna fassara manhajar zuwa harsunansu, suna rubuta littattafan koyo, suna farautar kurakurai. Ba ƙaramin gini aka yi ba.

Matsalar ita ce rubutun manhajar kaɗai ke da 'yanci. Sunan na Sun ne, manyan kwamfutocin da ake tara aikin na Sun ne, maganar ƙarshe a kan abin da zai shiga da abin da ba zai shiga ba ita ma a Hamburg ake yanke ta. An kafa majalisar al'umma a 2003, mai wakilan 'yan sa-kai, sai dai ba ta da iko da kuɗi ko da suna. Abin da ya fi ci wa mutane tuwo a ƙwarya shi ne takardar raba haƙƙin mallaka. Duk wanda ya rubuta gyara, komai ƙanƙantarsa, sai ya sa hannu a kan cewa Sun na da haƙƙi a cikinsa daidai da nasa. Da wannan takarda kamfanin ke iya ɗaukar gumin ɗan sa-kai ya sa a StarOffice ta sayarwa, ko ya ba wani kamfani da wasu sharuɗɗa dabam, alhali shi marubucin ba shi da irin wannan dama a kan aikin kowa.

Misali ɗaya ya isa. Wani mai rubuta manhaja, Kohei Yoshida, ya ɓata lokaci mai tsawo yana gina wani sashe na warware lissafi mai sarƙaƙiya a jadawalin Calc. Ya ba da shi a kan lasisin da manhajar kanta ke kai, amma ya ƙi miƙa haƙƙin mallakarsa. A 2007 Sun ya ƙi karɓa, ya sa nasa ma'aikatan su rubuta wani daga farko. A wannan shekarar ce Michael Meeks na kamfanin Novell ya fito fili da Go-oo, wani kwafin manhajar da ke tattara gyare-gyaren da suka maƙale a ƙofar Hamburg. Ba a jima ba yawancin masu rarraba Linux suka koma kansa, ko da yake sunan OpenOffice.org mai amfani ke gani idan ya kunna. Haka aka yi ta zaman doya da manja, ana guna-guni ana aiki.

Sai ga kamfanin Oracle. A watan Afrilun 2009 ya ƙulla cinikin sayen Sun a kan dala biliyan 7.4, hukumomin Tarayyar Turai suka ja ƙafa saboda manhajar MySQL ta Sun, ba a kammala ba sai 27 ga Janairu, 2010. Watanni suka wuce sabon maigidan bai faɗi wani abu mai kama hankali a kan makomar OpenOffice.org ba. A watan Agusta kuwa abubuwa biyu suka faru a mako guda: Oracle ya maka Google a kotu a kan manhajar Java, sannan wata takardar cikin gida ta fita wadda ta nuna an gama da OpenSolaris, wani buɗaɗɗen aikin da aka gada daga Sun. Kafin watan ya ƙare majalisar da ke kula da OpenSolaris ta rushe kanta. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A ƙarshen watan da farkon Satumba aka yi taron shekara na OpenOffice.org a Budapest, babban birnin Hungary, kuma a gefen wannan taro ne waɗanda suka daɗe suna tattauna zancen a asirce suka tsayar da shawara. Bayan mako huɗu suka fito.

Sanarwar ba ta zo da harshen yaƙi ba. Cewa suka yi sun zo cika alkawarin nan na shekara goma. Suka gayyaci Oracle ya shigo a dama da shi kamar kowa, suka kuma roƙe shi ya ba gidauniyar sunan OpenOffice.org kyauta. Kafin ya amsa, suka ce za su riƙa kiran manhajar LibreOffice na ɗan lokaci. Red Hat da Novell da Google da Canonical duk suka nuna goyon baya tun ranar farko, haka ma Stallman. Oracle bai ba da sunan ba, bai kuma shigo ba. A tsakiyar Oktoba aka nemi 'yan majalisar al'umma da ke cikin sabuwar tafiyar su sauka, a kan cewa mutum ba zai zauna a majalisar wani aiki yana gina kishiyarsa ba. Hujjar ba ta rasa ƙamshin gaskiya ba, sai dai ta kore mutanen da suka fi kowa sanin 'yan sa-kai. Kafin wata ya fita, mutum 33 daga sashen masu harshen Jamusanci suka ajiye aiki a rana ɗaya suka bi LibreOffice.

Ɓangaren rubuta manhaja bai sha wahalar tashi ba. An soke takardar haƙƙin mallaka. Kowa ya riƙe nasa, ya dai yarda a raba shi a kan buɗaɗɗen lasisi. Aka ware ƙananan ayyuka da sabon shiga zai iya gwada hannunsa a kai. Ɗaya daga cikinsu abin a tsaya a kalla ne. Injiniyoyin Hamburg sun shekara da shekaru suna barin bayanai a tsakanin layukan umarni, wannan layin ga abin da yake yi, wancan kada a taɓa shi saboda kaza, kuma da yawa da Jamusanci suka rubuta. Ɗan Brazil ko ɗan Japan da ya buɗe fayil sai ya tarar da gargaɗi a gabansa wanda bai iya karantawa. Sai aka yi kira ga duk mai jin Jamusanci, ko da bai iya rubuta manhaja ba, ya ɗauki fayil ɗaya, ya bi shi layi-layi, ya mai da bayanan zuwa Ingilishi, ya turo. Aikin ya ci shekaru kafin a ga bayansa, amma ta wannan ƙofa mutane da dama suka fara shiga. Ranar 25 ga Janairu, 2011, LibreOffice 3.3 ta fito, kuma a Afrilu Ubuntu, ɗaya daga cikin masu rarraba Linux, ta fara zuwa da ita.

Inda kwamitin riƙo ya sha gumi shi ne takardun doka, aikin da ba mai tafa wa. Kafin a samu rajista, wata ƙungiyar masu amfani da manhajar a Jamus, wadda daga baya ta koma Freies Office Deutschland, ita ta ara musu inuwa: ta karɓi gudummawa a asusunta, ta biya kuɗaɗen da suka taso, ta sa hannu inda doka ke neman hannu. Tambayar da ke gaban kwamitin kuwa ita ce wace irin ƙungiya za a kafa, kuma a ina. Hanyar da aka saba ita ce rajista a Amurka, kamar yadda gidauniyar Stallman ta yi, kamar kuma yadda gidauniyar Apache ta yi a 1999. Ƙungiya irin ta mambobi ma tana da sauƙin kafawa a Jamus. Amma ƙungiyar mambobi tana iya taruwa wata rana ta sauya manufarta da rinjayen ƙuri'a, kuma mutanen da suka ga an sayar da gidan da suke aiki sau biyu, a 1999 da 2010, ba su son abin da rinjayen wata rana zai iya karkatarwa.

Saboda haka suka zaɓi gidauniya irin ta dokar Jamus, wadda mai karatu zai fi gane ta idan ya tuna wakafi. Mai bayarwa yana ware dukiya, ya rubuta abin da za a yi da ita, daga nan ta fita hannunsa. Ba shi da ikon janyewa, magadansa ma haka, masu kula da ita ba su da ikon sayar da ita ko juya ta zuwa wata manufa don ransu ya so, hukuma kuma na sa ido a ga an bi abin da aka rubuta. Babu mai hannun jari, don haka babu wanda wani kamfani zai je ya saye. Kuɗin wannan kariya shi ne tauri: abin da aka rubuta a farko da wuya a sake shi, kuma dole a ajiye jari kafin hukuma ta saurare ka. Kwamitin ya sa Yuro 50,000 a gaba. Ranar 16 ga Fabrairu, 2011, aka buɗe neman gudummawa. Cikin kwana takwas kuɗin suka cika, daga hannun mutum wajen 2,000, wato in aka raba kowa bai wuce Yuro ashirin da biyar ba. Ba wani attajiri ko kamfani ɗaya da zai ce shi ya aza tubalin.

Kuɗi sun samu, amma sai da aka ƙara shekara guda. Dalili kuwa, kwamitin na neman haɗa abubuwa biyu da ba su saba zama tare ba. Gidauniyar Jamus ta gargajiya ba ta da mambobi. 'Yan amintattu ƙalilan ne ke gudanar da ita, sau da yawa su ke naɗa magadansu. Su kuwa waɗannan suna son taurin gidauniya, suna kuma son masu yin aikin su zama su ke zaɓen shugabanni su sauke su. Tsarin mulkin da suka rubuta ya kafa rukuni uku. Akwai taron mambobi, akwai hukumar daraktoci mai kujera bakwai da mambobi ke zaɓa duk shekara biyu, akwai kuma kwamitin tantance mambobi, wanda shi ma zaɓarsa ake yi, shi ke duba masu neman shiga, shi ke kuma kula da zaɓen daraktoci.

Yadda ake zama mamba shi ne zuciyar tsarin. Ba a biyan ko sisi, kuma kamfani ba ya zama mamba, sai mutum da sunansa. Mai nema zai rubuta abin da ya yi wa aikin a 'yan watannin baya, a duba a tabbatar. Wanda ya fassara menu zuwa harshensu, da wadda ta rubuta babin littafin koyo, da wanda ya zauna yana gwada manhajar yana kai rahoton inda ta tsaya, duk ƙuri'arsu ɗaya da ta gwanin da ya rubuta layi dubu goma. Shekara guda mamba ke yi, in ya daina aiki kujerarsa ta faɗi. Sannan aka sa wata ƙa'ida wadda duk wanda ya san tarihin Hamburg zai gane inda ta fito: ma'aikatan kamfani ɗaya ba za su wuce kashi ɗaya cikin uku na kujerun daraktoci ko na kwamitin tantancewa ba. Kamfanonin da ke son ba da kuɗi aka yi musu majalisar ba da shawara, wadda aka buɗe a tsakiyar 2011 da irin su Google da Red Hat da SUSE. Suna faɗin ra'ayinsu, ba su da ƙuri'a.

Ana cikin wannan rubuce-rubuce Oracle ya sauya shawara. A Afrilun 2011 ya ce ya daina kasuwancin OpenOffice, ranar 1 ga Yuni kuma ya miƙa rubutun manhajar da sunanta ga gidauniyar Apache, da goyon bayan IBM, wanda ke da tasa manhajar Lotus Symphony da aka gina a kan wannan tushe. Wato a ƙarshe an ba gidauniya mai zaman kanta, sai dai ba wadda ta roƙa ba. Mutane da yawa sun ɗauka a lokacin cewa wannan zai karya LibreOffice, tunda tsohon sunan da kamfani mai nauyi duk suna can ɗaya gefen. Abin da ya faru akasin haka ne, kuma lasisi ne ya jawo. Na Apache sako-sako ne, yana barin kowa ya ɗauka ya haɗa da nasa, don haka LibreOffice na iya kwasar duk abin da Apache ta gyara, kamar yadda ta ɗauki allon gefen nan da IBM ya bayar ta sa a fitowarta ta 2013. Na LibreOffice kuwa yana wajabta a bar gyara a buɗe, don haka Apache ba ta iya ɗauka daga can. Ruwa ya zama gefe ɗaya yake gangarawa.

A watan Oktoban 2011 aka yi taron LibreOffice na farko a Paris, a wannan watan kuma mambobi suka zaɓi hukumar daraktoci ta farko, kwamitin riƙo ya miƙa ragama. Ranar Juma'a, 17 ga Fabrairu, 2012, hukumar da ke sa ido kan gidauniyoyi a jihar Berlin ta amince da The Document Foundation, da Effenberger a matsayin shugaban daraktoci, Behrens mataimakinsa. Ƙungiyar nan da ta ara musu inuwa ita ta tsaya a takarda a matsayin mai kafawa, ta zuba jarin da jama'a suka tara.

Ba a daɗe ba aka gwada ginin. Novell, wanda ya fi kowa yawan masu rubuta manhajar a farkon tafiyar, shi ma an saye shi a 2011. A Satumbar 2013 SUSE, wanda ya gaji aikin daga Novell, ya saki yawancin ma'aikatansa na LibreOffice, suka koma kamfanin Collabora na Ingila tare da Meeks. A 2023 Red Hat ya janye hannunsa daga kula da ita a manhajarsa ta kamfanoni. Kowane ɗayan waɗannan, da a zamanin Sun ne, da ya isa ya girgiza aikin har tushe. A nan kuwa an ji zafin rashin ma'aikata, amma sunan manhajar da asusunta da kwamfutocin ajiya ba su motsa ba, fitowar manhajar sau biyu a shekara ma ba ta tsaya ba. Ma'aikatar tsaron Italiya ta fara komawa kan LibreOffice a 2015 da kwamfutoci sama da 100,000, jihar Schleswig-Holstein ta Jamus kuma ta yanke a 2024 cewa kwamfutocin gwamnatinta wajen 30,000 za su koma.

Tsarin bai hana rigima ba, kuma taurin da aka nema da gangan yana da nasa ciwon. Gidauniyar da hukumar haraji ta ɗauka a matsayin ta amfanin jama'a ba ta da sakewar yin kasuwanci ko fifita wani kamfani, alhali mafi yawan rubutun manhajar daga ma'aikatan kamfanoni ƙalilan yake fitowa, waɗanda sai sun sayar da wani abu za su biya albashi. A 2020 wannan ya fito fili. Aka gwada liƙa wa fitowa ta 7.0 lakabin da ke nuna ta amfanin mutum shi kaɗai ce, don a tura manyan ma'aikatu wajen kamfanonin da ke sayar da tallafi. 'Yan sa-kai suka tayar da jijiyar wuya, aka cire kafin ta fito. A Oktoban shekarar Collabora ya kwashe aikinsa na LibreOffice ta intanet ya koma da shi ƙarƙashin sunansa.

A wannan watan dai, da OpenOffice ta cika shekara ashirin, daraktocin gidauniyar suka rubuta wa Apache buɗaɗɗiyar wasiƙa. Suka tuna mata cewa tun 4.1 ta Afrilun 2014 ba ta sake fitar da babban sabon zubi ba, ga shi kuma har yanzu jama'a da yawa tsohon sunan suka sani, shi suke nema su sauke. Suka roƙi a riƙa nuna wa irin waɗannan hanyar LibreOffice. Apache ba ta yi hakan ba, ta ci gaba da fitar da ƙananan gyare-gyare a kan 4.1.